Yawon Bakin Gulbi: Mu Kai Yaranmu Su Leƙa Ruwa

 Ga hunturu ya shigo, an gama kai amfanin gona gida, makarantu kuwa sun kusa ba da hutun ƙarshen shekara. A irin wannan lokaci ne gulbin Rima ya kan kwanta. Ruwan da ya yi ta hauka a watan Agusta ya janye, ya bar rairayi fari fat da gurabe nan da can. A wannan wata muna so mu yi magana a kan wani abu mai sauƙi wanda ba ya cin ko kwabo, watau iyali su fita tare su yi yawo a bakin ruwa, su leƙa abin da ke cikinsa.

Wani zai ce, “Malam, mu da mu ke fama da hana yara zuwa gulbi, kai kuma ka ce mu kai su?” I, haka mu ka ce. Mu da mu ke koyarwa mun san abin da hani ya ke haifarwa. Yaron da aka hana ba ya fasa zuwa, sai dai ya tafi a ɓoye, da tsakar rana, tare da sa'o'insa, ba babba ko ɗaya. Tun da ya ke lalle zai san ruwa, gara ya fara saninsa a gaban ubansa da uwarsa.

Yadda mutanen bakin teku su ke yi

Bari mu fara da waɗansu ƙasashe masu nisa, domin a can ne wannan yawo ya zama al'ada. A ƙasashe masu zafi da ke bakin teku, iyali su kan bi gaɓa a ƙafa da safe, tafiyar mil ɗaya ko biyu a kan rairayi. In sun kai inda ruwa ya ke kwance, sai su sa wani irin tabarau mai rufe ido da hanci, su kama wani bututu a baki. Turawa suna ce da bututun nan sinokel. Mutum ya kan kwanta rub da ciki a kan ruwa, fuskarsa a ciki, bakin bututun yana sama yana kawo masa iska. Ba nutso ba ne. Kwanciya ce kawai da kallo, sau da yawa a ruwan da bai wuce ƙirji ba.

Akwai ilmi cikin kayan nan biyu. Idon ɗan Adam ba ya gani sosai in ruwa ya taɓa shi, sai dishi-dishi. Tabarau ɗin yana ajiye iska tsakanin ido da ruwa, shi ya sa gani ya ke komowa. Amma kome ya kan yi kamar ya ƙara girma da kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa. Bututun kuwa ba a yinsa da tsawo, ba ya cika wuce santimita 40. In ya fi haka, iskar da mutum ya fitar ba ta gama fita, sai ya yi ta sake shaƙarta. Ban da haka, in mutum ya yi ƙasa da mita ɗaya, nauyin ruwa ya kan danne ƙirjinsa har ya kasa jan numfashi ta bututu.

A Watamu, a gaɓar ƙasar Kenya, gwamnati ta keɓe teku tun 1968 domin kada a ɓata abin da ke ciki. Can ruwan teku ya kan janye ya komo sau biyu a yini. In ya janye, yara su kan bi 'yan kududdufan da ya bari, suna kallon ƙaguwa da ƙananan kifaye. A Akaba kuma, tashar jiragen ruwa ta ƙasar Jodan a kan Bahar Maliya, kusa da inda Littafi Mai Tsarki ya ce Sarki Sulemanu ya gina jiragensa, mutum ya kan taka 'yan taku kaɗan daga gaɓa sai ga shi a kan duwatsun murjani, da kifaye ja da shuɗi da rawaya suna ta kai da kawowa. A ɗaya gefen wannan teku, a Fot Sudan da Sawakin, akwai Hausawa jikokin waɗanda suka bi hanyar gabas a ƙafa suka zauna can. Ba nisa da su akwai tsibirin murjani na Sanganeb, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016.

Murjanin nan ba dutse ba ne tun asali. Waɗansu ƙananan halittu ne masu rai, kowace tana gina wa kanta gida na farar ƙasa, 'ya'ya su gina a kan na iyaye, har ya zama tudu cikin teku. Ba sa rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, mai gishiri, mai haske, inda rana ta ke ratsawa har ƙasa.

Me ya sa namu ruwan ba haka ya ke ba?

Yara su kan yi mana wannan tambaya in sun ga hotunan a littafi. Amsar kuwa tana da daɗi. Bahar Maliya tana da haske ne domin babu wani babban kogi da ke zuba cikinta duk shekara. Hamada ce ta kewaye ta. Ba kogi, ba laka. Amma kuma ba fadama.

Namu ruwan ya sha tafiya kafin ya iso mu. Gulbin Maraɗi ya taso ne daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya wuce Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa Rima a nan wajen Sabon Birni. Bunsuru da Gagare kuma sun ratso Zamfara, sun biyo ta wajen Shinkafi da Isa. Kowanne yana ɗauke da ƙasar gonakin da ya ratsa. Daga nan ruwan ya nufi Goronyo, ya wuce Wurno da Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi, ya shiga Kwara, ya tafi teku. Lakar da manyan koguna su ke zubawa tana cikin dalilan da suka sa babu manyan tuddan murjani a gaɓar Afirka ta Yamma.

To, lakar nan da ta hana mu ganin ƙasan gulbi ita ce ta ke kwanciya a fadama kowace damina. Ita ce albasa, ita ce alkama, ita ce shinkafa da rake da dankali. Abin da ya rufe mana ido shi ne ya ke cika mana tukunya. Saboda wannan ruwa da fadamarsa sarakunan Gobir suka zauna a Alkalawa, birnin Bawa Jan Gwarzo, wanda aka ci da yaƙi a 1808. Kufansa yana nan a ƙasarmu. A bakin wannan gulbi kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni bayan ya rabu da Tsibiri. Yaron da bai san Rima ba bai san dalilin da ya sa garinsu ya ke inda ya ke ba.

Ga ɗan gwaji da za ku yi a gida. Ku cika farar kwalba da ruwan gulbi, ku ajiye ta kwana ɗaya kada a taɓa. Da safe za ku ga laka ta kwanta a gindi, ruwa ya yi haske a sama. Abin da ke faruwa ke nan a guraben gulbi daga watan Disamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya daina gudu, laka ta kwanta, ana iya ganin ƙasa. Wannan ne lokacin leƙe.

Gwangwanin leƙe

Ba mu ce ku sayi tabarau da bututu ba. A gaskiya ma ba mu so yaro ya tsoma fuskarsa cikin ruwan gurbi, za mu faɗi dalili nan gaba. Akwai dabara mai sauƙi. Ku sami babban gwangwanin madara, ko ƙaramin bokitin roba da ya tsufa. Baba ya yanke gindin, ya daddake bakin domin kada ya yanki hannu. A shimfiɗa leda mai haske, wadda ba ta da rubutu, a kan gefe ɗaya, a ja ta sosai, a ɗaure da robar tayar keke. In da baƙin fenti a shafa a ciki, ya fi kyau.

Sai a tura gefen ledar cikin ruwa kamar tsawon yatsa, a leƙa ta sama. Ƙyallin rana da 'yan raƙuman ruwa da ke hana gani duk sun kau. Ruwan kuma ya kan turo ledar ta yi ɗan tudu, sai ta ƙara wa abubuwa girma kamar madubin malaman kimiyya. In an lulluɓe kai da mayafi, gani ya kan ƙaru. A riƙe gwangwanin ta sama, hannu a bushe, a tsaya a kan busasshiyar gaɓa inda ruwa bai fi idon sawu ba. Wanda zai taka ruwa ya sa dogayen takalman roba irin na masu aikin shinkafa.

Abin da za ku gani

Ku zauna shiru tukuna. Kifi yana jin takun ƙafa, yana kuma gudun inuwa. Bayan minti biyar zai manta da ku.

Ku duba ƙasan rairayi. In kun ga wani rami mai faɗi, zagayayye kamar kwano, aikin namijin karfasa ne. Shi ya ke haƙa shi da baki, ya tsare shi, ya kori duk wanda ya matso. Macen ta kan zuba ƙwai a ciki, sa'an nan ta kwashe su a bakinta. Tana riƙe da su har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci duk kwanakin nan. Ko bayan sun fita, in tsoro ya zo, su kan ruga su koma bakin uwar. Ba mu taɓa faɗa wa aji wannan ba tare da wata yarinya ta yi dariya ta ce, “Kamar innarmu.”

Za ku ga tarwaɗa ta taso ta haɗiyi iska ta koma. Tana da wata gaɓa a bayan kai da ta ke numfashi da ita, shi ya sa ta ke daɗewa a kasuwa ba ta mutu ba. Kurungu yana da ƙayoyi masu kullewa, yana kuma gurnani in an kama shi. Minjirya kuwa ba a taɓa ta, gama tana da lantarki a jikinta, ta kan girgiza babban mutum. Mafi ban mamaki ita ce gaiwa. In gurbi ya ƙafe, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta bar 'yar ƙofar iska, ta yi barci har ruwan sama ya sauko. Tana da huhu kamar namu. Ku tambayi masunta, za su nuna wa yara inda ake haƙo ta.

A sama kuma akwai abin kallo. Ga balbela tana bin shanu, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga kirinjijiya suna feɗuwa. Waɗansu tsuntsayen da ke bakin ruwa a wannan lokaci baƙi ne, sun ƙetare Sahara daga Turai suna gudun sanyi. Ku sa yara su kawo littafi da fensir, kowa ya zana abu uku, ya rubuta sunansa da Hausa. In an rasa suna, a tambayi kaka. Sunayen nan suna ɓacewa, domin babu mai tambaya.

Mutanenmu ba baƙin ruwa ba ne. Sarkawa sun san nutso da iyo a kan gora tun kaka da kakanni. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, a wannan ruwan namu ake yinsa, can ƙasa a Matan Fada. In kun gamu da masunci a gaɓa, ku gaishe shi, ku ce yara suna da tambaya. Malami ne shi ma.

Dodon koɗi da tsargiya

Yanzu ga dalilin da ya sa muka ce a leƙa, kada a shiga. Cikin gwangwanin za ku ga ƙananan dodon koɗi manne da ganyen bado da ciyawa. Ku nuna wa yara su da kyau, gama su ne gidan tsargiya, watau ciwon fitsarin jini.

Ga yadda abin ya ke. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su fita su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su shiga jikin dodon koɗi su hayayyafa. Bayan 'yan makonni su fito dubbai, ido ba ya ganinsu, su huda fatar wanda ke wanka ko wanki, su bi jini, su girma, su yi ta zuba ƙwai a mafitsara. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alkahira a 1851. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara su kan saci jiki su tafi wanka.

Har yanzu akwai masu cewa jini a fitsarin yaro alamar balaga ce. Ba haka ba ne. Ciwo ne. Yana rage jini, yana sa kasala a aji, in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda, ga mata kuma yana iya taɓa mahaifa. Maganinsa yana nan, sunansa firazikwantel, ana auna shi bisa tsawon yaro ko nauyinsa, ana kuma rabawa a makarantu a wurare da yawa. In an zo rabo, ku ba yaro abinci ya ci tukuna, ku bar shi ya sha. In kun ga jini a fitsari, ku kai shi asibiti. Ruwan wanka da aka ɗebo daga gurbi, a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana biyu, tsutsotsin za su mutu. Ku kuma koya wa yara kada su yi fitsari ko bayan gida a ruwa.

Kada mu ce ba ta yiwuwa. Manyanmu sun tuna da kurkunu, yadda ya ke kwantar da gari guda da damina. Da tace ruwa da tsare tafkuna aka kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da shi.

Ruwa ba sa'an kwando ba

Hukumar nan ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Mu ma a ƙasar nan ba labari mu ke ji ba. Mun tuna da ambaliyar 2010. Mun tuna da kwalekwalen da ya kife a watan Agusta na 2025 da mutum fiye da 50 masu zuwa kasuwar Goronyo. Saboda haka ga ƙa'idodi, ku karanta wa yara kafin ku fita.

Na fari, kowane ƙaramin yaro da babbansa, kusa yadda hannu zai kai gare shi. Yaron da ruwa ya ke ci ba ya ihu. Shiru ya kan yi, cikin minti ɗaya ko biyu an gama. Kada a ce yaya za ta duba ƙane, ita ma yarinya ce.

Na biyu, gulbin bana ba na bara ba ne. Kowace damina tana sake masa shimfiɗa. Inda ya ke gwiwa bara ya iya shanye mutum bana. Masu ɗiban yashi kuma su kan bar ramuka. A gwada da sanda, a kuma nisanci gaɓa mai tsayi wadda ruwa ya ci gindinta.

Na uku, in wani ya faɗa, kada a yi tsalle a bi shi. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. A kwanta a ƙasa a miƙa masa doguwar gora ko zane, ko a jefa masa jarka marar kome da murfinta a rufe. Jarka mai lita 20 tana ɗaukar babban mutum. Ku tafi da ita da igiya. In an fitar da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen matse ciki. A hura masa iska a baki, a daddanna tsakiyar ƙirji, a nemi asibiti.

Samarinmu masu zuwa ci rani Ikko su ma su ji. Teku ba gulbi ba ce. Akwai wuraren da ruwa ya ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya. Wanda ya ja, kada ya yi kokawa da shi. Ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar, ya ɗaga hannu a gan shi.

Maganar da ba za mu ɓoye ba

Duk mun san halin da ƙasar Sabon Birni da Isa ta shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Akwai fadamun da manoma ma ba sa iya zuwa. Ba mu ce kowa ya kai iyalinsa daji domin kallon kifi ba. Ku tsaya a mashigin da mutanen gari su ke kai da kawowa, inda ake ganin gidaje. Ku tambayi mai unguwa da masunta tun da dare. Ku fita bayan hantsi ya fara, ku komo kafin rana ta take. Gida biyu ko uku su haɗu. In an ce kada a je, to, kada a je.

Amma ko a ranar da ba a fita ba, ba a rasa darasi. Ku roƙi masunci ya kawo muku ruwan gurbi a bokiti, da 'yar ciyawa da ƙananan kifaye biyu ko uku. A zuba a farar roba a tsakar gida, a bari ya kwanta, yara su kewaye, ba sa hannu. Da yamma a mayar da kifin, ruwan kuma a zubar a busasshiyar ƙasa nesa da rijiya. Muna yin haka a aji, awa guda ta kan wuce ba wanda ya nemi fita.

Abin da ke damunmu shi ne, ga yara suna tasowa a bakin Rima, amma abin da suka sani game da shi tsoro ne kawai, ko kuwa wankan sata. Gani ya kori ji. Yaron da ya ga dodon koɗi da idonsa, ya ga ubansa ya tura sanda a ruwa ta nutse duka, ba ya bukatar bulala kafin ya yi hankali. Wata rana shi ne zai hana ƙanensa.

Ku gwada a hutun nan. Allah ya tsare mana yaranmu, ya ba ƙasarmu lafiya. Sai wata mai zuwa, in ya kai mu.